Wasiƙa: ba ganganci ke kado yaranmu daga kan poto ba

Assalamu alaikum malam edita, da kai da duk ma'aikatan gidan rediyonku. Ni ba ma'abocin rubutu ba ne, amma shirin nan naku na daren Talata ya hana ni barci, wallahi har anka kira asuba ina juya maganar baƙon nan naku a raina. Mutum ya zauna cikin ɗaki mai sanyi ya buɗe baki ya ce wai yawancin masu faɗowa daga poto, wato sandar da ke ɗauke da wayar wuta, ganganci ne, wai ana ba su kaya su ne ba su son sawa saboda zafi, shi kuma mai gabatarwa maimakon ya ce mai tsaya malam, sai ya yi dariya ya ce ai mutanenmu sai a hankali. Dariya fa! Ina zaune tsakar gida rediyo na bisa tabarma, ƙanena na kwance ɗaki ƙofa a buɗe yana jin komi, ban san sadda na miƙa hannu na kashe ba.

Wane kaya ake ba su? Shi nike so ya dawo ya gaya mana. Shekara 11 na yi ina hawan poto ƙarƙashin ƴan kwangila, nan cikin Tawa da ƙauyukan wajen Keita da Illela da Buza, duk inda anka samu aikin jan waya muna can, kuma ni da hannuna na koya wa ƙanena wanga aiki, abin da har gobe in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. A shantiye na ƙarshe da munka yi tare mu shida ne masu hawa. Girampet, wato ƙarafunan nan masu lanƙwasa da ake ɗaurawa a ƙafa su kama poto, ƙafa biyu ne kacal muke karɓa-karɓa. Santir, wato ɗamarar da mai hawa ke ɗaurawa a ƙugu, guda ɗaya ce, ta fata, ta bushe ta tsattsage kamar diddigen manomi, ramin da harshen ƙarfen ke shiga ya yage sai da munka huda wani da ƙusa mai zafi. Wanda bai samu santir ba sai igiya, kuma igiyar mu muke sayo abarmu kasuwa, irin wadda mata ke ɗaura wa guga. To wanga ne kayan da anka ba mu munka ƙi sawa?

Eh akwai kaya sababbi, na gan su da idona. Suna cikin kwali a bayan motar patoro. Ranar da manya za su zo duba aiki tun da safe a buɗe kwalin a raba mana kaske, wato hular kwano, fari tas da riga mai walƙiya da safar hannu, mu jeru gindin poto a ɗauki hoto, ƙurar motarsu ba ta gama kwantawa ba yaron patoro zai biyo mu da kwalin, kowa ya maido. Na taɓa ce mai don Allah ka bar mani safar nan ko ta yau kaɗai, ya ce in ta ɓace daga kuɗinsa za a cire. Ban ga laihinsa ba, shi ma ɗan jika uku ne a wuni kamar mu.

Wani abin da ya ƙara ɓata mani rai, duk tsawon shirin baƙon naku santir yake ta ambata, santir santir, kamar ita ce ƙarshen kariya. Ko dai bai taɓa hawa ba ko kuma ya raina masu saurare. Santir aikinta ta riƙe ka in ka kai sama ka zagaya igiyarta bayan poto ka jingina baya, hannayenka biyu su samu sararin aiki, iyakarta ke nan. In mutum ya suɓuce ya faɗo nauyinsa duka a ƙugu da ciki za ta tare shi, ta ninke shi biyu, ko kuma ya kife kai ƙasa ya zame daga cikinta kamar an zare kube. Abin da ke tare faɗuwa rigar ɗauri ce, wadda ke bi ta kafaɗu ta bi ta cinyoyi, da zobe a tsakiyar baya ko a ƙirji (mu haka muke ce mata a shantiye, don sunan nata na Faransanci in ka faɗe shi cikin Hausawa sai a ɗauka zagi kake). Ita kuma ba ta aiki ita kaɗai, sai da igiya mai wani ƙunshi a jiki wanda in ka faɗo ɗinkinsa ke warwarewa a hankali ya shanye fizgar, a ƙa'idar Turai fizgar da za ta iso jikinka kada ta wuce kwatankwacin kilo 600. A Amurka tun 1998 anka hana amfani da santir a matsayin abin tare faɗuwa a aikin gini, kuma daga 2015 ko gwanin gwanaye ne doka ta ce ya kasance a ɗaure tun yana hawan poto, ba sai ya kai sama ba. Su ma can ai ba don sha'awa sunka yi ba, mutane sunka yi ta mutuwa.

Kuma duk wanda ya san aikin ya san inda mutuwar take. Ba lokacin da kake tsaye sama kana ɗaure waya ba ne, lokacin ƙetarewa ne. Dubi potunanmu na cikin gari mana, ga hannun fitila, ga wayoyin tarho, ga wayar da wani ya ja zuwa shagonsa, wani wurin har da allon talla an ɗaure da waya. In kana hawa ka iso ɗaya daga cikinsu igiyar ba ta wucewa, dole ka kwance ta ka ɗaga ka sake zagayawa ta sama, to a wanga ɗan tsakanin ba abin da ke riƙe da kai sai tafin hannunka da Allah. Maganin abin ba wani boka ba ne, igiya biyu ce, ka maƙala ta biyun a sama kafin ka kwance ta farko, shi ke nan ko da yaushe ɗaya na riƙe da kai. Mu da ko ɗayar sai an yi layi.

Haka ta faru da ƙanena. Watan Afrilu ne, ana wannan zafin na Tawa da ƙarfe ba ya taɓuwa da rana tsaka. Anka ce mana an yanke kuran a layin, patoro ya faɗa ta waya, mu kuma munka yarda don ba mu da na'urar da ake dangwala wa waya a tabbatar babu wuta, ba mu da wayoyin da ake haɗa layin da ƙasa kafin a taɓa shi. Ya hau ina ƙasa ina ɗaura mai kaya a igiya. Ya kai wajen hannun fitila ya kwance santir zai ƙetare, ya kai hannu ya dafa waya. Ashe wani mai shago a unguwar da ya ga an ɗauke wuta ya tada gurup ɗinsa, wato injin wuta, bai raba shi da layi ba, wutar ta biyo waya ta dawo. Ba ta kashe shi ba, fizgarsa kawai ta yi, ya yi wata ƙara ya saki. Malam edita na ga ƙanena yana tahowa, kasken kansa ya riga shi isowa ƙasa don ba ya da igiyar haɓa, ya yi ta gangarawa har cikin kwata. Ƙarar da jikinsa ya yi da ya bugi ƙasa har yau in buhun siminti ya faɗo daga mota sai na zabura. Inda da rigar ɗauri da igiya ta biyu, da rataye zai yi mu hau mu sauko da shi, ƙila da ƙunar hannu kawai zai tashi.

Mun kuma ƙara mai wani ciwon da jahilcinmu, wanga kam ban ɓoye ba. Mutum huɗu munka cicciɓe shi, wani ƙafa wani hannu, munka sa bayan mota bisa naɗin waya, sai daga baya lokotoro ke ce mana wanda ya faɗo ta baya ba a ɗaukarsa haka, a kan abu mai faɗi mai tauri ake kwantar da shi kada a motsa wuya da gadon baya. Wa ya taɓa koya mana? Shekara 11, ko wuni ɗaya ba a taɓa zaunar da mu an ce ga yadda ake sauko da mutum in ya suma a sama ba, alhali ko mai rigar ɗauri ne in ya daɗe a rataye ba motsi jini na taruwa a ƙafafu ya iya hallaka shi, shi ya sa ake son a sauko da shi da gaggawa. Daga likita nan Tawa anka tura mu Yamai, ku kun san hanyar, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, sama da kilomita 500, kowane rami mota ta faɗa sai ya damƙe hannuna. Ƙashin baya ya taɓu. Yau shekara biyu da wata huɗu yana kwance, ɗiyansa uku, matarsa ta saida gado da kwanoninta, tsohuwarmu ta saida saniyarta guda da take taƙama da ita.

Patoro ya zo sau ɗaya, ya aje jika 50 bisa katifa ya ce Allah ya sawwaƙe ƙaddara ce, daga nan lambarsa ta daina shiga. Da na tahi Kes, wato asusun inshorar ma'aikata, neman haƙƙinsa na haɗarin aiki sai anka duba anka ce ai ba a taɓa rubuta sunansa ba, ba wanda ya taɓa zuba mai ko dala. Ni ma haka. Alhali dokar aiki ta ƙasar nan, ta watan Satumba 2012, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar ma'aikacinsa, ba a kan lebura ta ɗora ba. Mi ya hana baƙon naku ya faɗi wanga? An bar jaki ana ta dukan taiki.

Maganar ƙaddara kuma, mu musulmi ne mun yarda da ita mai daɗi da marar daɗi, ba wanda zai koya mana. Amma ai Manzon Allah (SAW) cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Mutumin da ke kulle motarsa ya sa mai gadi, ya kulle kaske cikin kwali don kada ya ɓace, shi ne zai zo ya yi mana wa'azin ƙaddara a kan bayan ƙanena?

Ban ce babu masu ganganci ba, akwai su. Na san yaron da ke hawa da silifa don a ce shi gwani ne, na san masu hawa da dare su ja wutar sata, kuma gaskiya ne rigar ɗauri da zafi, a digiri 45 ko fatar jikinka ma nauyi take maka. Amma ka fara ba mutum kayan tukuna, ka koya mai, in ya ƙi sawa ka kore shi, sannan ka zo rediyo ka kira shi mai ganganci, ni ma in taya ka. Kuma kayan ba a saye a manta ba ne, ranarmu ta nan tana cin zaren nan, wanda anka bari bayan mota wata da watanni da ido za ka gan shi garau amma ya riga ya mutu, a ƙa'ida aƙalla sau ɗaya a shekara wanda ya sani zai duba shi, wanda kuma ya taɓa tare faɗuwa ya gama aiki sai a yanka a yar. Poton itace ma kafin a hau ana ƙwanƙwasa gindinsa da guduma a ji ko gara ta cinye cikinsa, don in poton da kansa ya karye ba igiyar da za ta cece ka. Duk wanga tsoffin ma'aikata sun san shi, amma wa ke tambayarsu.

Don haka ina roƙonku ku sake shirin. Ku zo Tawa ku sa wa masu hawan makirfo a baki, ba masu sa hannu a takarda ba. Ku tambayi masu ba da kwangila ko suna ƙirga rigunan ɗauri kafin su miƙa aiki, da ranar da ba a sanar ba za su zo ba ranar hoto ba. Ku tambayi masu duba harkar aiki yaushe rabon da su taka shantiyen ƙauye. Ga 28 ga Afrilu nan, ranar kiyaye lafiyar ma'aikata ta duniya, kowace shekara sai mu ji jawabi daga otel a Yamai, to mai zuwa ku zo gidanmu, ƙanena ya ce zai yi magana, ya ce in dai za a sa muryarsa ba a yanke ba. Shi kuma mai gabatarwa ya nemi gafarar masu saurare, dariyar nan ta yi mana ciwo.

Sai kuma maganar layin wayarku tunda na riga na ɗauki alƙalami. Daren nan sau bakwai na kira, a ɗauka a bar ni ina jin kiɗa kuɗina na tahiya, na sa kati na dala 100 ya ƙare na aika yaro ya ƙaro shi ma ya ƙare, amma kullum mutum huɗu zuwa biyar ɗin nan ne ke samun shiga, su ɓata minti uku suna gaida abokai da surukai da ƴan fadarsu kafin su ce uffan a kan abin da ake magana. Kuma tallar maganin basir ɗin nan don Allah ku rage mata murya, ta fi labarai ƙara sau biyu, tsohuwarmu har firgita take in ta shigo.

Naku mai saurare,
tsohon mahayin poto, unguwar Garkawa, Tawa