Wasiƙa zuwa Ingila: laftof ɗin Hajiya da gem ɗin yaro

Kano,
Daren Juma'a.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya kuma sanyin Ingila? Mu nan alhamdu lillahi, hunturu ya shigo, ƙura ta rufe gari. Ranar Talata na leƙa gidanka, na tarar da Hajiya da yara lafiya lau. Inna ma ƙafar ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida shan hantsi.

Saƙonka na murya ya iso, sau biyu na saurare shi. Na ga amsar ta fi ƙarfin minti biyu a WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuto. Abu biyu ka tambaya: ko a sayar da tsohuwar laftof ɗin Hajiya a sayi sabuwa, da kuma ko ka taho wa "yaron nan" da Steam Deck, na'urar gem ɗin nan ta riƙewa a hannu, in za ka zo hutu. Na ji har yau bakinka bai iya kama sunan ɗan fari ba, zaman Turai bai raba ka da alkunya ba, kuma hakan ya yi mini daɗi.

Laftof ɗin na duba ta da kaina. Core i5 ce 'yar ƙarni na shida, RAM ɗinta gig 8, allonta garau, madannanta duk suna aiki. Gargaɗin da ke tsorata Hajiya gaskiya ne: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025. Ba wai injin zai mutu ba ne, toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke ganowa ne aka daina, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, shi ma zuwa Oktoban 2026 ne. Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin injin, da firosesa daga ƙarni na takwas zuwa sama, don haka tata ba ta cikin lissafi. A kasuwa za a ce maka a kawo a ɗora mata ta ƙarfi, kuma za ta hau, amma babu mai ba ka tabbacin za ta ci gaba da samun sabuntawa. Ni dai ba zan so Hajiya ta riƙa shiga asusun bankinta a kan irin wannan ba.

Shawarata kada a sayar. Da tsohuwar zuma ake magani. A cire mata tsohon faifan da ke ciki a sa SSD, faifan ajiya na zamani mai sauri, sannan a ɗora mata Linux Mint, wani nau'in Linux, a madadin Windows. Na san za ka ce na fara wa'azin nawa, to ka yi haƙuri ka ji. Linux ɗin nan wani ɗalibi ne a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kuma wayar Android da ke aljihunka a kan ƙashin bayanta aka gina ta. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, abin da ake nufi da hakan kuwa shi ne rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wani ba tare da ya zama ɓarawo ba. Mint 22 tana da tallafi har 2029. Shekara uku ke nan ina aiki da Mint a tawa, wadda ta girmi ta Hajiya, ban sayi lasisi ba, ban kuma ɗora manhajar sata ba. Wannan na biyun ya fi kwantar mini da hankali, don ka san yadda ake yi a nan: a loda maka komai a kan 'yan kuɗi kaɗan, ba ka san me aka cusa a ciki ba. Kuma ka tuna cutar nan ta filash da ke mayar da fayil ɗin mutum gajerun hanyoyi, wato shortcut, in ya dawo daga shagon buga takardu? A Linux ba ta tashi, sai ka gan ta kwance a fili ka goge. Sabuntawa ma sai ka ce a yi ake yi, ba ta shanye maka data kana barci. Har tsarin madannan Hausa akwai a ciki, da ƙ da ɗ da ɓ nake rubuto maka wannan.

Amma ba zan ɓoye maka inda take cizo ba, don in na ɓoye Hajiya ce za ta sha wahalar, ba ni ba. Aikinta shi ne buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. LibreOffice, manhajar ofis da ke zuwa da Mint, tana buɗe takardun Word da Excel, tana kuma ajiye su a siffarsu, sai dai in takarda tana da teburi da yawa, ko an rubuta ta da salon harafin da babu shi a injin, layi kan goce, shafi biyu ya koma uku. Maganin da na samu shi ne a sa Carlito a madadin Calibri, Liberation Serif a madadin Times New Roman, tunda faɗin haruffansu ɗaya ne, sannan duk abin da za a kai bugawa a mayar da shi PDF tun daga gida. In makarantarsu na turo fom ɗin da dole a cike a mayar yadda yake, nan za ta riƙa ɗan fama. CorelDRAW da Photoshop kuwa babu su sam. Akwai Inkscape da GIMP, suna aiki, amma wanda hannunsa ya saba da waɗancan sai ya koma ɗan koyo, kuma masu buga katin biki da kalanda fayil ɗin Corel suke tambaya. Alhamdu lillahi wannan bai shafe ta ba.

Babban abin da nake so ka auna shi ne wa zai gyara in ta ƙi. Yawancin masu gyaran da na sani, da sun buɗe sun ga ba Windows ba ce, abin da za su fara cewa shi ne a yi fomatin. Ba laifinsu ba ne, abin da kasuwa ke kawo musu shi suka ƙware a kai. Ke nan kuɗin da ba ka biya a lasisi ba, da lokacin wani za a biya shi, kuma a gidanka wannan wanin ni ne. Na yarda, na ɗauka. Da a wani gari take inda ba ta da mai leƙa ta, wallahi da cewa zan yi ka ƙara kuɗi ka sayo mata mai Windows 11 ko da ta hannu ce. Kafin in taɓa komai zan kunna mata Mint daga filash ba tare da an ɗora ba, ta gwada firintarta da wayafai da takardunta na kwana biyu. In ba ta gamsu ba, a zare filash, komai na nan yadda yake.

To, sai maganar Steam Deck, kuma a nan zuciyata da hankalina sun rabu. Na'urar ta burge ni matuƙa. Kamfanin Valve ne ya fito da ita a Fabrairun 2022 a kan dala 399, kuma ka san abin mamaki? Linux ce a cikinta. Tun 2018 suka fito da Proton, wani tafinta da ke sa wasannin da aka yi don Windows su yi aiki a Linux, kuma dubban wasanni suna tafiya lafiya ta wannan hanya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wuta. Ƙwaƙwalwarta ba ta wuce wat 15, cajarta wat 45 ce ta USB-C, fawa bank mai ƙarfi ma na iya ɗaukarta. Kwatanta da babbar kwamfutar gem ta tebur mai cin wat 400 ko fiye, ko PS5 da ke kai wa wajen 200 ban da talabijin. Inbatar gidanka fanka da fitilu da firji take ɗauka da ƙyar, in aka ɗora mata wannan kafin tsakar dare batir ya kwanta. Ga shi kuma ana iya buɗe ta a canja SSD, ana sayar da kayan gyaranta a fili ta kamfanin iFixit, tana karɓar katin microSD. Na'ura ce da ke ɗaukar mai ita a matsayin mai ita.

Sai dai na zaunar da ɗan nawa, wato yaron naka, na tambaye shi me yake bugawa. Ya ce ƙwallo, FIFA, wadda tun 2023 aka koma kiranta FC, sai Fortnite in abokansa sun hau. Nan gizo ke saƙa. Waɗannan wasannin suna zuwa da manhajar kama masu maguɗi, wadda a FIFA tun daga ta 23 take shiga can cikin zuciyar Windows, kuma ba ta yarda da Linux. Fortnite ma ba ta hawa, Valorant haka, Apex Legends da take yi a da an rufe ƙofarta a Oktoban 2024. Ana iya ɗora wa na'urar Windows, amma daga nan ka zubar da sauƙin da ka saye ta dominsa, ka kuma ɗora wa yaro ɗan shekara goma sha biyar aikin injiniya. Ka yi tunanin ka sauka, ka miƙa masa kwali, ya buɗe da murna, ya nemi ƙwallo ya rasa. Ba zai ce maka komai ba, don ka san halinsa, amma za ta ƙare a cikin durowa.

Akwai kuma data. Manyan wasannin yanzu wasu sun haura gig 100, kuma Steam, shagon wasannin Valve na intanet, ba ta da faifai, komai saukewa ake yi. Ko ka cika ta a wayafan gidanka kafin ka taso, sabuntawa za ta biyo baya. Valve ba ta sayar da ita a Najeriya, in ta samu matsala ta garanti sai dai a jira mai tafiya Ingila. Ga zafin Afrilu da ƙurar hunturu, ƙaramar fankar da ke ciki za ta sha aiki.

Don haka, duk da son da nake wa buɗaɗɗen abu, PlayStation nake ba ka shawara, kuma mai cin faifai. In kuɗi sun yi ƙaranci PS4 ta hannu ta isa, har FC 25 ta fito a kanta. Rufaffiyar na'ura ce, abin da Sony ta yarda shi kaɗai za ka yi da ita, kuma buga ƙwallo da mutanen waje ta intanet sai da kuɗin wata-wata na PlayStation Plus, ko da yake Fortnite ba ta buƙatarsa. Amma masu gyaranta suna nan birjik a Kano, faifai ana musanya da abokai, kuma shi abin da yake so shi ne ya zauna a falo da ƙannensa da 'ya'yana su yi ta ihu a kan ci ɗaya. Steam Deck ta mutum ɗaya ce da allonsa a tafin hannu. In kai kake sha'awarta don doguwar tafiyar jirgin ƙasa zuwa wurin aiki, saya wa kanka, za ka ji daɗinta, in ka zo kuma ka ba ni aro.

Hajiya ta kafa sharaɗi, na kuma goyi bayanta: ba za a kunna ba sai Asabar da Lahadi har ya gama jarrabawa. Gara ka faɗa masa da bakinka tun kafin ka taso.

Abin da nake buƙata daga gare ka yanzu: ka taho da SSD mai gig 512, irin SATA mai inci 2.5, kada ka sayo siririn nan na M.2 don ba shi na gani a cikinta ba. Ka haɗo da faifan ajiya na waje guda ɗaya, don hotunan sunan yara da na bikin ƙanwarka duk a laftof ɗin nan suke, babu kwafinsu a ko'ina, kuma ba zan goge komai ba sai na ga sun zauna a wuri biyu. In akwai sauran wuri a jaka, abin riƙewa na gem ya zama biyu, in ba haka ba rigima za a yi ta yi.

Maman yara tana gaishe ka, mutanen majalisa ma kullum sai sun tambaye ka. Ka sanar da ni ranar saukarka da wuri don in shirya zuwa filin jirgi. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sa a gama aiki cikin nasara.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Kano.