Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Albarkatun Ruwa: a kai ruwa har ƙarshen kanal

Mai girma Minista,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Shekara 19 ke nan ina sauke tumatur da attaruhu da tattasai daga motocin Arewa, ina sayar wa matan da ke sara su kai Mushin da Oshodi da Ikorodu.

Na san za ka ce me ya haɗa mutumin Legas da kukan fari, garin da ruwan sama kan biyo mu har ɗaki a watan Yuni. Ranka ya daɗe, mu a cikin kwando muke ganin fari, kuma muna riga Abuja gani. In lambu ya sha ƙishi, tun daga buɗe kwandon farko zan gaya maka. Tumatur ɗin ƙanana ne, fatarsa ta yi kauri, gindinsa ya yi baƙi kamar an ɗiga masa garwashi, saboda yau an ba shi ruwa gobe an hana. Motar da kan zo maƙil sai ta zo da saura wuri. Kafin hantsi kuɗi ya tashi, Iya mai sari tana riƙe da haɓa tana ce mini na cika tsada, ni kuwa la'adata ba ta ƙaru da ko kwabo ba. Wanda ya manta daga ina Legas ke cin miya, ya tuna farkon 2021, lokacin da masu safarar abinci da shanu suka tsayar da motoci na 'yan kwanaki bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan. Kwana nawa aka yi kafin matan gida su fara ƙirga tumatur ɗaya-ɗaya?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙanena. Shi ke noma gonar gadonmu, eka 3, kuma Allah Ya sa gonar tana can wutsiyar wani kanal, inda ruwa kan iso bayan kowa ya sha. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don ba wani na zo tona wa asiri ba. Wata shekara damina ta ɗauke da wuri, hatsin bai yi auki ba, sai ya ce zai rama da rani. Ya yi reno, ya dasa tumatur a watan Nuwamba, na aika masa kuɗin taki. Komai na tafiya daidai har shuka ta fara fure, daga nan layin ruwansu ya tsaya. Mako ɗaya, mako biyu. Na sama da su suna tare ruwa da buhunan yashi cikin dare, su ma ba don mugunta ba, don kowa tsoro yake kada nasa ya mutu. Ƙanena ya riƙa kwana a bakin ƙofar ruwa da tocila da sanda. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya sayar da ragon da matarsa ke kiwo, ya ɗauko hayar inji yana janyowa daga wani kududdufi mai nisa, har kududdufin ya koma taɓo. Furen ya kakkaɓe. Abin da ya tsinta bai biya kuɗin fetur ba.

Yau yana nan Agege yana tura kurar ruwa, jarka 12 a kowane sahu, yana bin gidajen Yarabawa ana kiransa mai ruwa. Mutumin da rashin ruwa ya koro daga gonar ubansa, ruwan yake sayarwa a Legas. In ka tsaya ka tambayi 'yan garuwa da 'yan dako da masu gadi na garin nan, za ka sha mamakin yawan waɗanda ke da gona a gida. Da ma cirani tsohuwar al'ada ce, mutum ya zo bayan kaka ya koma da ruwan farko. Yanzu da yawa ba sa komawa.

Abin da ke ci mini rai shi ne ruwan yana nan. Manyanmu sun ga bala'in farin 1972 zuwa 1974, sun ga shanu suna faɗuwa a hanya, kuma ba su zauna ba. A 1974 aka kammala madatsar Tiga a zamanin Audu Bako. A 1976 aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, waɗanda yau suke ƙarƙashin ma'aikatarka. Madatsar Bakolori ta biyo baya a 1978, Goronyo da Dadin Kowa a shekarun 1980, Challawa a 1992. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya zuwa Kano da rani ya ga abin da ruwan Tiga ya yi wa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam: ƙasa kore shar a watan Maris, ruwa yana gangarowa da kansa ba inji ba fetur. Rabin arzikin da na samu a kasuwar nan daga irin waɗannan wurare ya fito.

Saboda haka ba sabuwar madatsa nake roƙo ba. Mutanen Bakolori ba su manta da 1980 ba, lokacin da manoma suka rasa rayuka a kan maganar filaye da diyya, kuma ga madatsar Kafin Zaki a Bauchi an shekara da shekaru ana maganar gina ta. Roƙona a kan tazarar da ke tsakanin madatsa da kunyar talaka ne. A nan ruwan ke ɓacewa. Kanal ya cika da yashi, ciyawar kacalla ta toshe hanya kamar yadda ta yi a fadamun Hadeja da Nguru, ƙofar ƙarfe ta yi tsatsa ko an sace mariƙinta, siminti ya tsage ruwa na tsiyaya cikin ƙasa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Gaskiya shirin TRIMING na inganta noman rani da aka fara a 2014 da rancen Bankin Duniya ya yi gyara a Bakolori da Kano da Hadeja da wasu wuraren, kuma manoma sun gani a ƙasa. Amma yashe kanal kamar sharar gida ne, ba a yi sau ɗaya a ce an gama. Ina roƙon a ware masa kuɗinsa daban a kasafin kowace shekara, a kuma yi shi kafin a buɗe ruwan rani, kada a bari sai shuka tana tsaye sannan a rufe ruwa da sunan gyara.

Abu mafi muhimmanci a wurina kuwa ba ya cin kuɗi mai yawa: a gaya wa manomi gaskiya da wuri. Injiniyoyinku sun san yawan ruwan da ke cikin kowace madatsa a ƙarshen damina. To a fito a faɗa a rediyo, da Hausa da Fulatanci da Barbarci, tun kafin a zuba iri a reno, cewa bana ga ruwan da muke da shi, ga ranar buɗewa, ga ranar rufewa, ga layin kowane sashe. A manna takardar a ƙofar masallaci da gidan mai unguwa. In shekarar ƙaranci ce, a ce kowa ya rage rabin fili, ko a bar shinkafa mai shan ruwa a koma alkama da albasa. Manomi ba ya jin tsoron a ce masa babu. Abin da ke karya shi shi ne a ce akwai, ya ci bashi ya dasa, sannan ruwa ya ɗauke ana tsakiyar fure. Da ƙanena ya sani, da eka ɗaya zai dasa, da yanzu yana gida.

Kuma a rubuta dokar rabon ruwa ta lokacin fari tun ana zaman lafiya. Wa zai fara sha, wa zai jira? Ruwan sha na gari shi ne gaba, wannan ba gardama. Bayansa sai a tabbatar wa mai eka ɗaya da mai eka 3 kasonsa kafin mai hekta ɗari, domin babban manomi yana da rijiyar burtsatse da janareta da lambar wayar manya, ƙaramin kuwa kanal ɗin nan shi ne gatansa. A riƙa juya layi, wani makon a fara daga wutsiya a hauro. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka kakkafa su ne za su iya tsare wannan, in dai an bar manoma sun zaɓi shugabanninsu da kansu kuma ana karanta musu lissafin kuɗin ruwan da suke biya.

Akwai kuma farin tsakiyar damina, wanda mutanen birni ba su cika lura da shi ba. Ruwa ya sauka, a yi shuka, masara ta kai gwiwa, sai sama ta ɗauke mako uku. Hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, har da wuraren da ake sa ran irin wannan tsaiko. Me zai hana a shirya buɗe kanal na 'yan kwanaki a lokacin? Ban ruwa biyu kan ceci gona guda.

Mafi yawan masu lambu ma ba su kusa da wata madatsa. A fadama suke, da 'yar rijiyar bututu da ƙaramin inji, irin abin da shirin Fadama ya yaɗa tun shekarun 1990. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, fetur ya zama shi ne babban kuɗin noman rani, ya sha gaban taki a wurin wasu. Injin sola ya shigo kuma yana aiki, sai dai kuɗin sayensa a dunƙule ya fi ƙarfin talaka. A ba da shi bashi ta hannun ƙungiya, a biya bayan girbi kashi-kashi. Kada a yi rabon kyauta a filin taro da 'yan jarida, mun san hannun da irin wannan ke ƙarewa.

Ban manta da makiyaya ba, don maƙwabtana ne a nan. Je ka kasuwar shanu ta Kara a bakin hanyar Ibadan ko mayankar Oko-Oba a ƙarshen bazara, ka ga shanun da ake saukewa, haƙarƙari a waje, tozo ya kwanta. Saniya ba ta san dokar kanal ba. In ba a yi mata mashaya ba, za ta gangara inda ta ji ƙanshin ruwa, ta rusa gefen kanal, ta bi ta kan albasar wani, daga nan a zare sanda. Faɗa da yawa da ake ba wa sunan ƙabila ko addini a bakin ruwa ya fara. A fitar da bututu daga babban kanal zuwa kwalbati a gefen burtali, nesa da shuka. A yashe tafkunan da ke gandun kiwo kafin damina. Manomin rani kuma yana da harawa da bambaro da karan masara na sayarwa, Bafulatani yana da taki, cinikin da iyayenmu suka yi shekaru aru-aru. Tunda an kafa ma'aikatar kiwo a 2024, ku zauna da su a kan taswira ɗaya.

Sai lafiyar madatsun kansu. Alau ta ɓalle a Satumban 2024, Maiduguri ta nutse, kuma ruwan da ya kamata a yi noman rani da shi ya tafi a dare ɗaya. A duba sauran tun kafin su yi magana da kansu.

Ranka ya daɗe, in aiki ya kawo ka Legas, ka ratso Mile 12 da asuba wajen watan Mayu, lokacin da kayan rani ke ƙarewa. Ba sai da jiniya ba. Zan buɗe maka kwando biyar, in gaya maka wanne ya sha ruwa a kan kari, wanne aka yi wa rowa. Zan kuma kira ƙanena ya ajiye kura ya zo ku gaisa. Jiya da dare ya tambaye ni ko ya koma gida ya zuba reno bana, domin in zai yi, dole iri ya shiga ƙasa kafin ƙarshen Satumba. Na ce ya ba ni kwana biyu in yi tunani.

Naka mai biyayya,
Wani dillalin kayan gwari,
Kasuwar Mile 12, Legas.