Dogo, barci ya dawo mini

Tudun Wada, Kaduna
Daren Talata

Dogo,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Ingila, ya uwargida da yara? Na san ka yi fushi, wata huɗu ba ka ji daga gare ni ba. Ka yi haƙuri, akwai dalili, kuma akwai aiken da zan yi maka, amma bari in faro daga farko.

Ka tuna minsharin da kake jifa na da takalmi a kansa a Samaru? Ashe ciwo ne. Uwargida ce ta fara tsorata. Ta ce sai in yi shiru ƙundum, ƙirjina na motsi amma iska ba ta shiga, sannan in zabura kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ni kuwa abin da na sani kawai shi ne ciwon kai da asuba, da gyangyaɗi a ofis, da hawan jinin da ya ƙi jin magani. Ranar da barci ya fizge ni a kan sitiyari a cunkoson Kawo, yara biyu na baya, a daren ban iya cin abinci ba. Washegari na je asibiti.

Aka tura ni Abuja gwajin barci. Suka ɗaura mini ɗamara a ƙirji, wani abu a yatsa, siririn tiyo a hanci, na kwana. Sakamako ya nuna numfashina na tsayawa ko ya ragu sau 41 a kowace awa. Likita ya ce daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 mai tsanani. Naman maƙogwaro ne ke saki idan barci ya yi nisa, ya toshe hanya, iskar jini ta yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta tashe ka ba tare da ka sani ba. Shekara nawa ina haka, Dogo!

Maganin wata na'ura ce da suke kira CPAP, ba ta kai akwatin rediyo ba. Iskar ɗaki take turawa ta tiyo zuwa takunkumin hanci, ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Ba iskar asibiti ta cikin tukunya ba ce, duk da Gwaggo ta fashe da kuka ranar da ta gan ni da ita, sai da na cire na rantse mata lafiyata ƙalau. Wani likita ne a Ostareliya, Colin Sullivan, ya ƙirƙiro ta wajen 1980, ina sa shi cikin waɗanda nake gode wa.

Haya na fara ɗauka, kuma ban yi nadama ba. Da na saya kai tsaye da na yi asara, domin takunkumin farko mai rufe baki da hanci ya hana ni sakat, iska na tsiyaya tana hura mini ido. Mako guda ina fizge shi cikin dare. Sai da aka canza mini ƙarami na hanci kaɗai, aka saita na'urar ta riƙa farawa a hankali sannan ta ƙara ƙarfi, na samu kaina. Safiyar dare na tara ba zan manta da ita ba. Na tashi kafin kiran assalatu, kaina wasai, na je masallaci da ƙafata, na dawo na yi karatu har rana ta fito ban yi hamma ba. Na zauna a bakin gado na yi ta hamdala.

Kai ma fa ka je a duba ka. Na ga hoton da ka sa ranar suna, wuyan nan naka ya ninka biyu, kuma ba ni kaɗai nake raya dare a ɗakin nan namu ba, Liman shaida ne.

Af, Liman ya yi ritaya, ya buɗe shagon taki a Kasuwar Barci. Auta kuma an sa rana, bayan ƙaramar salla, yaron mutumin Zariya ne, malamin makaranta, mai natsuwa. Yaya Babba ya ce in ba ka zo ba kada ka ƙara kiransa.

To yanzu damuwata saye. Kuɗin haya na tafiya kamar ruwa a rariya. An kawo mini wata ta hannu da araha, na ƙi. Na'urar na ƙirga awannin da ta yi aiki, wannan kuwa ta sha wuya, ga warin taba a cikinta. Sannan tun 2021 kamfanin Philips ya janye wasu na'urorinsa saboda soson rage ƙara da ke ciki yana iya rududdugewa mutum ya shaƙa, ni kuma ba ni da tabbacin inda irin waɗannan na gwanjo suka fito. Abin da zai kwana a hancina kullum, gara sabo.

Wuta ce babbar matsala. Idan aka ɗauke tsakar dare, nan take nake farkawa. Na haɗa ta da inbata, na kuma gane cewa ɗan tankin da ke ɗumama ruwa don jiƙa iska shi ne ke cinye batir, idan na kashe shi sai ta kai ni asuba. Amma da hunturun nan, idan ba tankin, hanci bushewa yake har ya yi jini. Matatar iskar kuwa, kwana goma ta koma ja saboda ƙura. Ruwan tankin tatacce ake so, wanda ba gishiri a cikinsa, na rijiyar burtsatse na barin farin dauɗa. Uwargida ta so ta ɗiga turare a ciki, ma'aikacin da ke kula da na'urar ya ce ko kusa.

Kuma ina da niyyar Umara da azumi, in Allah ya yarda. Na gwada tafiya da ita a jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, na manta ban zubar da ruwan tankin ba, Allah ya kiyaye bai shiga injin ba, tawul ne ya shanye. Na koyi darasi. A jirgin sama a hannu zan riƙe ta, da takardar likita, ba za ta shiga cikin kaya ba. Cajarta na karɓar wuta mai ƙarfin volt 100 zuwa 240, soket ɗin Saudiyya kuma mai baki uku ne irin namu, nan ba damuwa. Batirin tafiya ne sai an lura: a jakar hannu ake ɗaukarsa, idan ya wuce 100Wh (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) sai da izinin kamfanin jirgin, ya wuce 160Wh kuwa ba a yarda ba.

Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata kilishinta na nan zan bayar a kawo. An kira sallar isha'i.

Naka har kullum,
Abokin ɗakinka

Na kusa rufe wasiƙar ban faɗi aiken ba. Ka duba mini farashin na'urar ResMed AirSense a can, mai daidaita ƙarfin iska da kanta, da takunkumin hanci biyu matsakaita da matatu masu yawa. Idan sun nemi takardar likita zan turo ta WhatsApp gobe.