Masu Jar Riga a Ƙofar Fadar Buckingham Sojojin Yaƙi Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka.

Duk sa'ad da wani biki ya taso a gidan sarautar Ingila, ko naɗi ko jana'iza ko faretin watan Yuni, sai kafafen labaranmu na Hausa su sa hoton sojojin nan masu jar riga da doguwar baƙar hula, a rubuta "dogaran Sarkin Ingila" a ƙasa, a wuce. Kalmar ta yi kusa, amma tana barin mai karatu da gurguwar fahimta, har wasu na ɗauka 'yan ado ne da aka tsayar domin masu yawon buɗe ido su ɗauki hoto. Ina roƙon fili in warware wannan, domin mutanen nan cikakkun sojoji ne na rundunar Birtaniya, kuma wanda ka gani yau a ƙofar fada yana iya kasancewa a fagen daga baɗi.

Rundunoni bakwai ne ke wannan aiki, biyar na ƙasa, biyu na doki. Na ƙasan su ne Grenadier, Coldstream, Scots, Irish da Welsh. Daga nesa duk kamarsu ɗaya, amma maɓallan gaban riga suna faɗa maka kowa. Na Grenadier a jere suke ɗai-ɗai, tazara daidai, da farin tuntu a gefen hagu na hula. Na Coldstream bibbiyu ne, da jan tuntu a dama. Na Scots uku-uku, hularsu ba tuntu ko kaɗan. Na Irish huɗu-huɗu, da shuɗin tuntu a dama. Na Welsh biyar-biyar, tuntunsu fari da kore a tsakiya, a hagu. Mai rubuta bayanin hoto in ya ƙirga maɓalli kawai, ba zai sake kiran ɗan Welsh da sunan Grenadier ba, kuma a wurinsu wannan kuskure ba ƙarami ba ne.

Tarihin ya samo tushe ne daga yaƙin basasar Ingila. Bayan an fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649, ɗansa Charles na Biyu ya yi gudun hijira, kuma a garin Bruges na ƙasar Beljiyam ta yau aka haɗa masa rundunar tsaro a 1656. Ita ce asalin Grenadier. Coldstream kuwa daga ɓangaren maƙiyan sarki ta fito. A 1650 aka kafa ta cikin sojojin Oliver Cromwell, jagoran waɗanda suka kifar da sarauta, ƙarƙashin George Monck. Da mulkin ya rikice bayan mutuwar Cromwell, Monck ya taso da mutanensa daga ƙauyen Coldstream da ke kan iyakar Scotland a ranar 1 ga Janairun 1660, suka tako da ƙafa cikin sanyi har Landan, suka share hanyar dawowar sarki. A Fabrairun 1661 aka tara su a Tower Hill, suka ajiye makamansu a ƙasa a matsayin sojojin tsohuwar gwamnati, nan take suka sake ɗauka da sunan sarki. Ga inda gardama ta samo asali: Coldstream ta girmi Grenadier da shekara shida, amma an sa ta ta biyu a daraja saboda Grenadier ta riga ta shiga hidimar sarki. Har gobe taken Coldstream da Latin yana nufin "ba mu bin bayan kowa", kuma in an jeru a fareti sukan tsaya a can ɗaya ƙarshen sahu maimakon su tsaya kusa da Grenadier a matsayi na biyu.

Scots tana danganta kanta da 1642. Sarauniya Victoria ta kafa Irish a 1900 don girmama 'yan Ireland da suka yi yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, Sarki George na Biyar kuma ya kafa Welsh a 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Hular ma ganimar suna ce daga yaƙi. A Waterloo, ranar 18 ga Yunin 1815, rundunar farko ta masu tsaron sarki ta kora zaratan sojojin Napoleon na Faransa a harinsu na ƙarshe. Aka ba ta sunan Grenadier da izinin sa doguwar hular gashi irin ta waɗanda ta kora, daga baya a 1831 aka faɗaɗa izinin ga sauran. A wannan yini ne kuma 'yan Coldstream da Scots suka rufe ƙofar gonar Hougoumont da ƙarfin kafaɗa bayan Faransawa sun riga sun kutsa, abin da ya hana gefen daman rundunar Wellington, kwamandan Birtaniya, karyewa. Ana yin hular da fatar baƙar dabbar beyar ta Kanada. Tsayinta kusan inci 18, nauyinta wajen giram 700, kuma sarƙarta a ƙarƙashin leɓe take zama, ba ta sauka ƙasan haɓa. Gashin yana rufe gira har ya kusa rufe ido, dole mai ita ya ɗaga kai ya miƙe wuya kafin ya ga gabansa. Masu kare haƙƙin dabbobi sun daɗe suna neman a koma fatar roba, ma'aikatar tsaro kuma tana cewa samfuran da aka gwada ba su kai ba.

Wanda ke shakkar cewa mayaƙa ne, ya dubi 1982 kaɗai. A yaƙin tsibiran Falkland, jiragen Ajantina sun jefa bam kan jirgin ruwan Sir Galahad ranar 8 ga Yuni, mutum 48 suka mutu, 32 daga ciki 'yan Welsh ne. Kwana biyar bayan haka 'yan Scots suka hau dutsen Tumbledown da dare suka ƙwace shi, har da faɗan wuƙar bakin bindiga. A watan Yuli na shekarar, bam ɗin ƙungiyar 'yan tawayen Ireland ta IRA a Hyde Park da ke Landan ya kashe mahaya huɗu da dawakai bakwai suna kan hanyarsu ta zuwa canjin gadi. Bayan nan sun yi Iraki da Afganistan. Matasa takwas ɗin da suka ɗauki akwatin gawar Sarauniya Elizabeth, mai rufin dalma a ciki, ranar 19 ga Satumban 2022, 'yan bataliya ta ɗaya ta Grenadier ne, kuma daga Iraki aka dawo da wasunsu domin wannan aiki. Horonsu a barikin Catterick irin na kowane sojan ƙasa ne, da ƙarin mako biyu na fareti da kula da kayan biki.

Yadda gadin kansa ke gudana shi ne abin da aka fi yi wa gurguwar fassara. In sarki yana gari, tutarsa na kaɗawa a kan fada, masu gadi hafsoshi 3 ne da sojoji 40, santiri, wato masu tsayuwa a bakin gadi, huɗu a gaban Buckingham. In ba ya nan, sojojin su ragu zuwa 31, santiri biyu. An raba su tsakanin Buckingham da fadar St James, wadda a hukumance ita ce tsohuwar mazaunin sarauta, can ne kuma kyaftin ɗin gadi yake zama. Sababbin masu gadi suna fitowa daga barikin Wellington da badujala a gaba, su isa harabar fada da ƙarfe 11 na safe. Tsofaffi da sababbi su fuskanci juna, su gaisa da bindiga, kyaftin biyu su matso su haɗa hannun hagu a matsayin miƙa mabuɗan fada. Sannan kofur ya zaga da sababbin santiri, a kowane ɗaki a karanta wa mai karɓa umarnin wurin. Duka bai fi minti 45 ba, kuma ba kullum ake yi ba. Ruwan sama mai ƙarfi kuma yakan sa a taƙaita bikin.

Kowace tawaga tana riƙe gadi awa 24 ko 48. Santiri yana tsayuwa awa biyu, ya huta huɗu. Ba a sandare yake awa biyun ba kamar yadda ake faɗa: duk bayan kamar minti goma yakan ƙame, ya saɓa bindiga, ya yi taku wajen goma sha biyar, ya juyo, ya koma wurinsa. Dalilin wannan taku lafiyarsa ce. Mutum in ya tsaya cik ya kulle gwiwa, jini yakan taru a ƙafafu, abin da ke komawa zuciya ya ragu, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshe, sai jiri, sai duhu a ido, sai faɗuwa. Ka haɗa da rigar ulu mai matse wuya, da hula mai riƙe zafi, da takalmi mai ƙusoshi a ƙasa. Shi ya sa ake koya musu su ci abincin safe, su sha ruwa tun daren jiya, su riƙa motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi, su matse tsokar sha-raɓa su saki, su ɗan sassauta gwiwa yadda ba mai gani. Duk da haka ana faɗuwa. A gwajin fareti na Yunin 2023, a gaban Yarima William, zafi ya kai kusan digiri 30, aƙalla sojoji uku suka suma. Mai karatu a Sakkwato zai ce digiri 30 ai sanyin safiya ne, amma ya tuna awa nawa aka yi a tsaye cikin ulu ba inuwa. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu kuwa babbar kwat mai ruwan toka suke sawa a kan komai, don haka hoton da ba ja a ciki ba wata runduna ba ce daban.

Har zuwa 1959 a wajen shingen Buckingham santiri ke tsayawa. Takurar 'yan kallo ta yi yawa, har aka yi ƙarar wani soja cewa ya shuri wata baƙuwa yana cikin taku, sai aka mayar da su ciki. A inda jama'a ke iya matsowa kusa, kamar fadar Windsor da Horse Guards, ƙofar da mahaya doki ke gadi a Landan, akwai matakan gargaɗi: ya buga ƙafa da ƙarfi, ya daka tsawa a ja da baya, in abin ya ci gaba ya gyara riƙon bindiga, sannan a kira 'yan sanda. In tawaga na tafe ba ta kauce wa kowa, tsawa ɗaya ake yi a ba da hanya. Faifan bidiyon da ke yawo na doki ya ciji mai ɗaukar hoto daga Horse Guards yake, kuma akwai allo a jikin bango da ke gargaɗin cewa dokin na iya cizo ko harbi. Kama linzami shi ne babban laifi a wurin, domin mahayin yana riƙe da takobi a hannu ɗaya, da ɗayan kaɗai yake sarrafa dabbar.

Mahayan nan su ne rundunoni biyun da suka rage. Life Guards jar riga da farin tuntu a kan kwalkwali, Blues and Royals shuɗiyar riga da jan tuntu. Ta biyun a 1969 aka haɗe ta daga tsofaffin rundunoni biyu. Mahayi awa ɗaya yake yi a ƙofa a canza shi, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, saboda doki ba ya jure abin da mutum ke jurewa. A fagen yaƙi motocin sulke na leƙen asiri suke tuƙawa.

Faretin watan Yuni, na ranar haihuwar sarki a hukumance, yana tara sojoji sama da 1,400 da dawakai wajen 200 da makaɗa wajen 400. Asalinsa aikin yaƙi ne: a da ana zagayawa da tutar bataliya a hankali a gaban sahu domin kowane soja ya san ta, ya san inda zai nufa in hayaƙin bindiga ya rufe fili. Kowace shekara tutar bataliya ɗaya ake zagayawa da ita, bi da bi, bayan manyan gwaji biyu a Asabar biyun da suka gabata.

Yanzu ga inda kalmar dogari ta gaza. Dogarinmu, da jar rigarsa mai kore da babban rawani, jikin sarki yake tsarewa: shi ke buɗe riga ya kāre shi in zai hau ko zai sauka, shi ke gefensa a hawa. A harin da aka kai wa marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a Janairun 2013, dogarai sun rasa rayukansu suna kāre shi, Allah Ya ji ƙansu. A Ingila wannan aiki na kusa da jiki na wani sashe ne na 'yan sandan Landan, galibi cikin farin kaya. Da wani mutum ya haura katanga ya shiga har ɗakin barcin Sarauniya a Yulin 1982, tsarin 'yan sanda da na ƙararrawa aka tuhuma. Masu jar riga fada da ƙofofinta suke gadi, ko da yake a faretin 1981, da wani matashi ya harba bindiga sau shida kusa da dokin Sarauniya da harsasai marasa kai, wani sojan Scots da ke jere a bakin titi yana cikin waɗanda suka fara damƙe shi. In ana neman waɗanda suka fi kama da dogarai a al'ada, su ne Yeomen of the Guard da Sarki Henry na Bakwai ya kafa a 1485, dattawa tsofaffin sojoji da ke raka sarki a bukukuwa da mashi a hannu.

Roƙona, Malam Edita, shi ne nan gaba a rubuta "sojojin tsaron fadar Sarkin Ingila", a bar "dogarai" ga waɗancan dattawan masu mashi, kuma mai zaɓen hoto ya ƙirga maɓalli ya faɗi sunan rundunar.

Wassalam.

Mai karatunku a kullum,
daga Kaduna