Sanarwa: Zaman Nazarinmu kan Girgizar Ƙasa da Aman Wuta

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa yana lafiya.

Ana sanar da ku cewa zaman nazarinmu na wannan mako zai gudana a nan cikin rukuni ranar Asabar da ƙarfe 8:30 na dare. Za mu duba iyakokin manyan faya-fayan da ɓawon duniya ya kasu zuwa gare su, domin tambayoyin da kuka turo sun nuna har yanzu ana rikita su.

Faya-fayan nan suna motsi da ƴan santimita kaɗan a shekara, kusan saurin tsirar farce, amma a mahaɗarsu ake samun mafi yawan girgizar ƙasa. Inda wani ke nutsewa ƙarƙashin wani, kamar gabar Japan, girgizar kan fi muni. Wadda aka yi a can ranar 11 ga Maris 2011 ta tayar da tsunami, wato ƙatuwar igiyar ruwan teku. Inda suke rabuwa kuwa, narkakken dutse ke tasowa ya cike gurbin, kamar yankin dutsen Nyiragongo na Kongo, wanda ya yi aman wuta a 2021. Akwai kuma inda suke gogar juna gefe da gefe, kamar a girgizar ƙasar da ta afka wa Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023.

Kowa ya zaɓi misali ɗaya, ya nemo wurin a taswira, ya turo bayanin da bai wuce layi biyar ba kafin yammacin Juma'a. A guji turo bidiyon da ba a tantance ba. Wanda uzuri zai hana shi halarta ya sanar da ni da wuri.

Na gode ƙwarai, Allah ya kai mu.

Naku,
Mai kula da rukuni