Marubutanmu, ina labaran binciken laifi na zamanin alƙalan da?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana kan littattafan da na fi jin daɗin karantawa, wato waɗanda ake aikata kisa ko sata a wani zamani da ya shuɗe, sannan wani mai basira ya bi diddigi har ya gano mai hannu a ciki. Na yi aikin magatakarda a kotu har na yi ritaya, shi ya sa nake bin irin waɗannan labarai da idon wanda ya ga yadda shaida ke tsayawa da yadda take rushewa.

Daɗinsu shi ne mai binciken ba shi da waya, ba kyamara, ba gwajin jini. Ido ne da kunne da sanin halin mutane. Ga masu jin Turanci, ina ba da shawarar su nemi labaran Alƙali Dee na Robert van Gulik, ɗan ƙasar Holan. Ya gina su ne kan Di Renjie, wani alƙali da ya rayu a ƙasar Sin a ƙarni na 7, wanda shi ke bincike, shi ke tambayar shaidu, shi ke yanke hukunci. Sai kuma My Name Is Red na Orhan Pamuk, wanda ya fito a 1998. A Istambul ta shekarar 1591 aka kashe wani mai ƙawata littattafan Sarki, kuma gawarsa ce ke fara ba da labari daga cikin rijiya. Yana da nauyi, ba a karanta shi da gaggawa, amma Musulmi zai gane gardamar da ke cikinsa kan halaccin zane.

Abin da ke damuna shi ne mu ma muna da kayan aikin, mun bar su a ajiye. Ɗan Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya nuna hanya tun gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da littafinsa Shaihu Umar, inda akwai makircin fada da satar yaro da uwa mai neman ɗanta har hamada. Bai sa mai bincike ba, wannan ya rage namu.

A ɗauka an wayi gari an tsinci gawar madugu a wajen Ƙofar Ran ta Bauchi, zamanin da ganuwar da Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, ya gina take tsaye, ana rufe ƙofofi da dare. Wa ya buɗe? Dogarai sun kamo wani bafatake, mai bin sawu ya ce sawun ba nasa ba ne. Alƙali ya buɗe Tuhfa, littafin hukunce-hukuncen shari'a, babu shaidu biyu adalai, sai zato mai ƙarfi. A mazhabar Malikiyya, a irin wannan hali dangin mamaci za su iya yin rantsuwa hamsin, a kashe wanda suke zargi. To alƙalin da zuciyarsa ba ta natsu ba, kwana nawa gare shi ya gano gaskiya kafin a yi rantsuwar? Wallahi wannan kaɗai littafi ne. Haka wanda ya bar amanar dukiya ya bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi a 1903 bai dawo ba, ko leburan haƙar kuza da aka rasa ranar biyan kuɗi.

Sai dai sharaɗinsa wahala. Wanda zai rubuta dole ya san lokacin kuɗin wuri da lokacin sule da fam, don naira sai 1973 ta zo. Ya bambanta dogari da ɗan doka. Takardun tsohon Lardin Bauchi suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ga kuma tsofaffin da suka ga kotunan En'e da idonsu, kullum raguwa suke yi.

Roƙona gare ka, Edita, ka ware shafi ko sau ɗaya a wata don gajerun labarai irin waɗannan, masu karatu kuma su riƙa aiko da sunayen waɗanda suka karanta suka ji daɗi. In akwai na Hausa da aka riga aka buga, don Allah a sanar da ni ta wannan fili, zan saya.

Naku,
Tsohon magatakarda, Unguwar Jahun, Bauchi