Barka da Sallah daga Darbi ta Ingila

Assalamu alaikum Baba, Inna da duk mutanen gida.

Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi layya, ya maimaita mana. Yanzu na idar da magariba na ɗauki biro, don a watan nan rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen tara da rabi. Agogonmu ɗaya da naku a wannan lokaci, saboda haka na san ku tuni kun yi isha'i, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, raguna na rataye a jikin bishiyar darbejiya. Ni lafiyata lau, aiki kuma da godiya.

Nan babu hutun Sallah, tun wata biyu da suka wuce na nemi ranar a wajen aiki. Mun yi Idi a wani masallaci a unguwar Nomanton, galibi 'yan Pakistan ne, mutanen kirki, suna ta rungumar juna. Amma ana sallamewa kowa ya shige motarsa. Kafin goma na safe titi ya koma yadda yake kullum, ga bas na wucewa, ga mai rabon wasiƙu da jakarsa. Babu tambari, babu ƙarar bindiga, ko warin babbaka babu. Na koma ɗaki na zauna da babbar rigata, sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Na tuɓe ta na ninke, na sa hular kwano, na jawo keke.

Baba, keken nan ku ya kamata in fara ba labarinsa. Na hannu ne na saya, Raleigh, wato Rali irin taku baƙar nan da kuke ɗora ni a kariya mu tafi filin Idi na Ƙofar Mata, kuna ce mini in ware ƙafa kada waya ta kama ni. Ashe a Notinham ake ƙera su, garin da ke maƙwabtaka da mu, har zuwa 2002 da aka daina. Nawa dai siraran tayoyi gare shi, ga giya barkatai, kansa kuma a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Hannun hagu ake bi a nan, na tuna kun ce mu ma haka muke kafin 1972.

Akwai hanyar keke mai lamba 68, da 'yan alluna shuɗɗa a kowace mararraba, wadda ta tashi daga Darbi ta yi arewa. Da farko tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce da aka cire dogon, mota ba ta shiga sam. Bayan ƙauyen Etwal sai ta bi ƙananan hanyoyin gona, kwalta ce shimfiɗe amma faɗinta bai wuce na mota ɗaya ba, hagu da dama shingen ƙaya kore shar wanda ya fi tsayin mutum. Na yi tafiyar kusan rabin awa ban haɗu da komai ba sai tarakta guda, na raɓa jikin shinge ta wuce, direban ya ɗaga mini hannu. Ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar tamu ta Kano. Ka hau tudu kana haki, ka rage giya, kana kaiwa sama sai gangara ta karɓe ka, ka saki feda iska na dukan fuskarka, can kuma ga wani tudun. Idan shinge ya yanke a bakin ƙofar gona sai ka hango tsaunuka suna bin juna, da hasumiyar coci a nesa. Wallahi wurin da kyau, har na ji ina ta tasbihi ni kaɗai.

Sai tumaki. Inna, duk inda na waiga tumaki ne, masu ƙiba, jiki duk ulu, an shafa musu jan fenti ko shuɗi a gadon baya don kowa ya gane nasa, kuma babu makiyayi ko ɗaya. A ranar layya! Na jingine keke ina kallonsu, sai hawaye. Doka ba ta yarda mutum ya yanka dabba a tsakar gidansa yadda muke yi ba, sai a mayanka. Masu layya a nan kuɗi suke ba mahauci, bayan kwana biyu ko uku su karɓo nama a leda, an daddatsa, an sanyaya. Shi ya sa na aiko da nawa gida. Amma ba naman ne ya dame ni ba, kayan cikin ranar farko ne. Yadda kike zama a kan kujera 'yar tsugunno gaban murhu, an wanke tumbi da hanji an kitsa, kitsen ya narke a kasko, ki fara tsamo hanta ki barbaɗa yaji ki miƙa wa Baba, sannan mu mu biyo layi da murfin kwano. Wanda ya ƙone ɗan gefe shi nake so, kin sani, kina ware mini. Na sayi hanta a nan na soya ba sau ɗaya ba. Babu hayaƙin itace, man ma ba kitsen ragon ba ne, yajin da kika ba ni kuma ya ƙare tun azumi. Gobe da safe za ku sauke raguna a fara suya, gida ya ɗauki ƙamshi har zaure, jibi a yi farfesun kai da ƙafa. Duk ina lissafe da ku.

Na share ido na ci gaba har garin Ashbon. A nan hanya ta ratsa wani dogon rami na jirgin da, da fitilu a ciki da sanyi kamar randa, ta ɓulla, gaba kaɗan ta shiga gandun shaƙatawa na Pik Distirik, wanda shi ne na farko da aka keɓe a ƙasar, a 1951. Daga nan shingen ƙaya ya fara komawa katangar duwatsu, an jera su ɗaya kan ɗaya babu siminti babu laka, kuma suna tsaye. A mashigar ƙauyen Tisinton an shimfiɗa ƙarafa da rami a ƙarƙashi don dabbobi su kasa ƙetarewa, sai da na riƙe kan keke da kyau. Ƙauyen na da rijiyoyi da suke yi wa ado da furanni sau ɗaya a shekara, da wani tsohon gida na 1609, da kududdufin agwagwa. A bayan wata katanga na shimfiɗa rigar ruwata na yi azahar. Wani dattijo mai farin gashi ya zo a keke da matarsa, suka rage gudu suka wuce shiru don kada su dame ni. Da na riske su a gaba suka tambaye ni daga ina, na ce musu yau Sallarmu ce, matar ta ɗauko biskit daga aljihu ta ba ni. Shi ne goron Sallata na bana.

Ku gaida Yaya Babba da iyalinsa, da Kawu na Kurmi, da Baffa, da Malam liman. Gwaggo ta Fagge kuma a je takanas a gaishe ta, a tambayi gwiwarta, a ce mata ina shafa man da ta ba ni duk sanda sanyi ya kama ni, kuma cinyar ragona tata ce, kada a canza. Auta, ke ce kike karanta wa su Inna takardar nan, na sani. Ki aiko mini hoton lallenki da na ɗinkinki, ki ɗauko mini muryar Inna tana faɗa a kan wuƙa, kuma idan kun je kallon hawan Daushe ki tsaya inda muka saba. Ina gaida maƙwabta duka, da mai facin bakin layi. Baba, don Allah kada a ba da Ralin nan, a sa mata mai a kaca a jingine mini.

Inna, idan an samu mai tahowa, yaji ko da gwangwani ɗaya ne.

Naku,
ɗanku na Ingila